Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga kwamishinonin lafiya da hukumomin kula da asibitoci na jihohin Arewa, a kan bugun zuciyar wanda aka sa barci

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Masu girma kwamishinoni da shugabannin hukumomin kula da asibitoci, Allah ya ja zamaninku, ya dafa muku a kan amanar da ke wuyanku.

Ni ma'aikaciyar jinya ce mai horo a kan sa majiyyaci barci lokacin tiyata, kuma akasarin aikina a asibitocin gwamnatin jiha na yi shi. Wurin zamanmu yana wajen kan majiyyaci, bayan koren labule, inda dangi ba sa gani, masu zagayen duba aiki kuma ba su cika leƙawa ba. Magana guda ce ta kawo ni gabanku. Zuciyar wanda aka ba maganin barci takan rikice ta koma daidai cikin ɗan lokaci, kuma da yawa daga ɗakunan tiyatarmu ba su da abin da za su ga wannan rikicewa da shi.

Ku yi mini afuwa in fara da abin da wasunku suka fi ni sani, domin ba dukkanku ne likitoci ba, kuma talakawa ma za su karanta. Zuciya tana da nata lantarki. A saman ɓangarenta na dama akwai wani ɗan wuri da ke tayar da tartsatsi sau 60 zuwa 100 a minti ga babban mutum. Tartsatsin ya bi ɗakunan sama, ya ɗan dakata a wata mahaɗa da ke tsakiya, sannan ya sauka ɗakunan ƙasa su matse su turo jini. Akwai jijiyar da ke ƙara wa wannan aiki sauri, akwai mai rage masa. Maganin barci yana taɓa su duka biyu. Haka ma zafin wuƙa, da tsoro, da zubar jini, da ƙarancin iskar oksijin, da taruwar gurɓatacciyar iska idan numfashi ya yi rauni. Shi ya sa a kan gadon tiyata bugu kan tsallake, ko wani bugu ya yi kutse daga ɗakin ƙasa, ko ya sauka zuwa 40, ko ya haura 160, kafin ka ankara ya koma daidai kamar ba a yi ba.

Gaskiya ita ce mafi yawan waɗannan suna wucewa ba tare da illa ba, kuma ba na son mai karatu ya ji wannan ya hana matarsa tiyatar haihuwa. Amma sau da yawa su ne sallamar farko ta babban abu. Janareta kafin ya mutu yakan yi tari sau biyu ko uku. Wanda ke tsaye a gefensa ya ji, ya ƙara mai. Wanda ke cikin ofis sai dai ya ga duhu. Abin da ya fi damuna shi ne wannan rikicewa ba ta barin sawu. A yi wa majiyyacin gwajin ECG, wato na'urar da ke zana layin lantarkin zuciya, washegari, a ga komai lafiya lau. Idan kuma ya rasu, ko da an buɗe gawa, abin da ba mu cika yi ba, babu abin da za a tarar a jikin zuciyar. Sai a rubuta a fayil cewa zuciya ta tsaya, a faɗa wa dangi haka, su yi haƙuri su ɗauki gawarsu. Kwana idan ya ƙare babu makawa, wannan imaninmu ne. Amma babu wanda ya mutu zuciyarsa na bugawa, don haka wannan rubutu bai gaya wa kowa komai ba, kuma babu darasin da asibiti zai ɗauka daga cikinsa.

Turawa ma sun daɗe cikin wannan duhu. A watan Janairun 1848, wata biyu da 'yan kwanaki bayan fara amfani da maganin barcin nan kulorofom a Edinbara, wata yarinya 'yar shekara 15 mai suna Hannah Greener ta rasu a kusa da Niyukasil yayin da ake cire mata farcen ƙafa. Ƙaramin aiki, yarinya mai ƙoshin lafiya. Aka shafe shekaru fiye da sittin ana gardama ko numfashi ne ke fara tsayawa ko zuciya. Har Sarkin Haidarabad na Indiya ya ɗauki nauyin kwamitoci biyu a 1888 da 1889, suka yanke cewa laifin numfashi ne. Sai a 1911 wani likita a Landan, Goodman Levy, ya nuna a jikin kyanwoyi cewa idan barcin kulorofom bai yi nisa ba kuma adirenalin, sinadarin da ke zaburar da zuciya, ya hauhawa a jini, ɗakunan zuciya na ƙasa suna daina matsewa su koma karkarwa kawai. Gardamar ta yi tsawo ne saboda babu mai iya ganin abin a daidai lokacin da yake faruwa.

Kulorofom ya zama tarihi, amma halotan, maganin barci na shaƙa wanda aka fara amfani da shi a Ingila a 1956, ya gaji wannan hali nasa, kuma na yi aiki da shi a asibitocinmu shekara da shekaru saboda arha. Yana sa zuciya ta zama mai saurin fusata da adirenalin. Likita ya ce a ba shi allurar kashe zafi mai haɗe da adirenalin don rage zubar jini a wurin yanka, majiyyaci yana numfashi da kansa ta abin rufe fuska, gurɓatacciyar iska ta taru: abubuwa uku sun haɗu ke nan. An koya mana kada a wuce mililita 10 na haɗin adirenalin ɗaya cikin dubu ɗari a minti 10, amma ƙa'ida ba ta maye gurbin ido. A Birtaniya, mutuwar yara masu lafiya a kan kujerar likitan haƙori ce ta sa daga ƙarshen 2001 aka hana sa cikakken barci don aikin haƙori in ba a asibiti mai kayan ceto ba. Ina roƙon a taimaka wa asibitocinmu su koma aisofuluran, wani maganin shaƙa da bai kai halotan fusata zuciya ba. Inda hakan bai samu ba tukuna, to kada a kunna halotan a ɗakin da babu ECG.

Allurar baya, mai kashe jin zafi a rabin jiki na ƙasa, ita ce abincinmu na yau da kullum, musamman a tiyatar haihuwa, kuma alheri ce babba. Sai dai idan maganin ya hau sama ya kai jijiyoyin ƙirji masu ƙara wa zuciya sauri, ko jinin da ke komawa zuciya ya ragu saboda nauyin ciki ya danne babbar jijiya, bugu kan faɗi ba shiri. Mace tana hira da ke, ta ce zuciyarta na tashi, ta yi hamma, ki duba ki ga bugu ya sauka 38. Allurar atirofin ɗaya mai ɗaga bugu a kan lokaci, a karkata ta hagu, a saki ƙarin ruwa, shi ke nan, ta ci gaba da tambayar mace ta haifa ko namiji. A yi jinkirin minti biyu, labari ya canza. A 1988 wasu likitoci a Amurka suka bi diddigin mutum 14 masu lafiya da zuciyarsu ta tsaya a ƙarƙashin allurar baya, suka tarar da yawansu an ƙara musu maganin kwantar da hankali har sun yi shiru, ba a lura da wuri ba, kuma an makara wajen ba da adirenalin. A kan tiren tiyatar haihuwa ma akwai tarkuna. Oksitosin, maganin matse mahaifa, idan aka tura shi a jijiya da sauri yana zubar da hawan jini ya tsinka bugu da gudu. Sannan a 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta yi gargaɗi a kan kuskuren ɗaukar kwalbar maganin tsayar da jini, taranekzamik, a maimakon ta allurar baya, saboda sukan yi kama. Wanda aka yi wa wannan kuskure yana shiga jijjiga da mummunar rikicewar zuciya. Mai sayen magani a hukuma yana da hannu a nan, domin shi ke zaɓar irin kwalbar da za ta zo mana.

Yara kuwa zuciyarsu ba ta da haƙurin rashin iska, da oksijin ya ragu sai bugu ya bi shi ƙasa. Jan tsokar ido a tiyatar gyaran ido yana iya tsayar da bugu na 'yan daƙiƙoƙi, maganinsa na farko kuma kyauta ne: a ce wa likita ya saki. Allurar sassauta tsoka da muke kira saks, idan aka maimaita ta, tana rage bugu, ga wanda ya ƙone kuma tana iya cilla sinadarin fotasiyam sama har ya kashe.

Inda nake son ku daɗe da tunani shi ne irin majiyyatan da ke zuwa mana, domin ba irin na cikin littafi ba ne. Yaron da taifod ta huda wa hanji ya kwana huɗu yana amai a gida kafin a kawo shi, gishirin jininsa ya watse, fotasiyam ya yi ƙasa, ɗakin gwaji ya ce babu sinadarin aunawa ko kuma injin ya lalace, mu kuma ba za mu iya jira ba. Mai jego da zuciyarta ta kumbura ta yi rauni, cutar da tun shekarun 1970 likitoci a Zariya suka bayyana yawanta a ƙasar Hausa suka kuma alaƙanta ta da wankan jego da kunun kanwa, wadda wani bincike a Sakkwato ya samu a kusan haihuwa 1 cikin 100, ita ce za ta dawo da wani cikin, ba wanda ya taɓa gaya mata tana da ciwon zuciya. Ga mai maƙoƙo da ƙwayar wuyanta ke aiki fiye da kima. Ga wanda ciwon maƙogwaro na yarinta ya lalata wa ƙofar zuciya. Ga saurayin da ya faɗi a babur, wanda ba zai faɗa a gaban mahaifinsa cewa yana shan taramol ba. Ga wadda aka yi wa ƙarin ruwan kwinin jiya, aka haɗa mata da eritiromaisin, yau mu kuma muka ba ta maganin hana amai, alhali kowannensu yana tsawaita lokacin da zuciya ke ɗauka ta sake shiri tsakanin bugu da bugu, har a kai ga wata rikicewa mai murɗawa da kan zo ta wuce, ta zo ta wuce, kafin ta zauna. Maganin wannan rikicewar shi ne magniziyam salfet, wanda ke ajiye a ɗakin haihuwa saboda masu jijjiga, taku ashirin daga inda nake. Amma ta yaya zan san ita ce in ban gan ta ba?

Wannan ita ce amsata ga masu cewa ai magabatanmu da yatsa a kan jijiya da abin sauraren ƙirji suka yi aiki. Sun yi, Allah ya saka musu, kuma har gobe ba na rabuwa da abin saurarena a ƙirjin yaro. Yatsa yana gaya mini bugu ya rikice. Oksimita, ɗan abin da ake maƙalawa a yatsa, yana ƙara mini da yawan iskar da ke jini, duk da cewa sanyin hannu da baƙin lalle da jan farce sukan ruɗa shi. Amma babu ɗayansu da ke gaya mini wace irin rikicewa ce. Bugu mai sauri daga ɗakin sama da bugu mai sauri daga ɗakin ƙasa a yatsa duk ɗaya suke, maganinsu kuwa ya sha bamban, kuma maganin ɗaya yana iya ƙarasa ɗayan. Idan ta kai ga karkarwa, babu allura ko danna ƙirji da zai maido da ita sai injin girgiza zuciya da lantarki, kuma kowane minti na jinkiri yana cin kashi 7 zuwa 10 cikin ɗari na damar tsira.

Sai batun abin da ake kira ƙaramin aiki, wanda ni ya fi ba ni tsoro a kan babbar tiyata. Wankin ciki bayan ɓari, gyaran karaya, ɗinkin yaro mai fizge-fizge, kwantar da jariri don hoton kai, zura kyamara a ciki. Ana yin su a ɗakin gefe, a ba da magungunan gusar da hankali irin su ketamin da daizefam, wani lokaci har da fentazosin, kuma wanda ya yi allurar shi ne mai yin aikin, idonsa yana can ƙasa. Babu oksimita, babu oksijin a kusa, don ai ba barci ba ne sosai. Tsakanin gyangyaɗi da cikakken barci babu katanga. Adadin da ya sa wannan lumshe ido shi ne zai tsayar da numfashin wancan. Harshe ya koma baya ya toshe hanya, iska ta ragu, bugu ya fara tsalle, sannan ya yi ƙasa, duk a cikin shiru, majiyyaci yana lulluɓe da zane. Ketamin magani ne mai albarka da ya ceci rayuka ba adadi a karkara, amma sunan da ya yi na rashin haɗari ya sa an raina shi. Ina roƙon kowace hukuma ta fitar da takardar umarni cewa duk inda za a ba da maganin da ke gusar da hankali, komai ƙanƙantar aikin, sai da mutum na biyu wanda ba shi da wani aiki sai kallon majiyyaci, da oksimita a yatsa, da oksijin a gefe.

Ba ni na ƙirƙiro wannan ba. Asibitocin Jami'ar Habad ta Amurka sun wallafa ƙa'idojin sa ido a 1986. A 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar da takardar binciken lafiyar tiyata, wadda a cikinta ake tambaya ko oksimita na jikin majiyyaci kuma yana aiki. A 2018 ita da tarayyar ƙungiyoyin likitocin sa barci ta duniya, WFSA, suka fitar da ƙa'idojin da suka sa zaman ƙwararre a gefen majiyyaci da oksimita da awon hawan jini a sahun farko, ECG kuma a sahu na biyu. A ganina, ga mu da muke da halotan da masu jego masu raunin zuciya, kuma ba kullum muke samun awon gishirin jini ba, wurin ECG sahun farko ne. A shekarar dai aka wallafa binciken sakamakon tiyata a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, a kan majiyyata 11,422. An tarar majiyyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya da ƙarancin cututtuka, amma haɗarin mutuwarsu ya ninka, kuma akasarin mace-macen bayan an fito daga tiyata suka auku. Wanda ya san asibitocinmu ba zai yi mamaki ba. Ana gama ɗinki a tura majiyyaci ɗakin kwanciya, maganin bai sake shi ba, jiki yana rawar sanyi, a bar shi da 'yar uwarsa da mafici, ma'aikaciya ɗaya tana fama da gadaje talatin. Kowane ɗakin tiyata yana buƙatar ɗakin farfaɗowa, ko da gado biyu ne, da na'ura da ma'aikaci nasa.

Na san za a ce an sayi na'urori, kuma gaskiya ne, wasu jihohi sun saya, mun gani a talabijin ranar yanke kirtani. Ku zo ku ga bayan wata shida. 'Yan lilliƙen da ake mannawa a ƙirji sun ƙare, babu su a cikin kasafi, muna maimaita tsofaffi da filasta har layin ya zama zane-zanen banza. Wayar ta tsinke, irin kanta babu a kasuwa saboda kowace kwangila da nata kamfanin. Batir ya mutu, don haka da an ɗauke wuta allon ya yi baƙi, kafin a tayar da janareta na'urar ta gama farkawa an yi minti uku muna lalube. Na taɓa aiki a wani asibiti inda injin girgiza zuciya ke kulle a sito, makulli a aljihun wanda ke tashi ƙarfe huɗu, wai don kada a lalata. Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar biliyan. A sayi iri ɗaya a faɗin jiha don kaya su shiga juna, a sa lilliƙe da waya da batir a jerin kayan da ake rabawa duk wata kamar safar hannu, a haɗa ɗakin tiyata da sola, a ɗauki masu gyaran kayan asibiti a kuma ba su kayan aiki. Atirofin da adirenalin da efedirin da lidokain da magniziyam ba su da tsada, bai kamata a rubuta wa dangi su fita neman su a kemis da tsakar dare ba.

Na'ura kuma ba ta kallon kanta. WFSA ta ba da shawarar aƙalla likitan sa barci 5 ga kowane mutum dubu ɗari, ƙidayarta ta 2017 kuma ta nuna Najeriya ba ta kai ko 1 ba, su ma akasarinsu a manyan birane. A ƙananan hukumomi mu ma'aikatan jinya ne ke riƙe da aikin. Amma sai a horar da mutum a kan sa barci, ya dawo a tura shi ɗakin marasa lafiya na waje, ko a bar shi shi kaɗai yana gudu tsakanin gadon tiyata biyu, kira dare da rana babu mai canjinsa. Wanda bai runtsa ba tun jiya, ko allon yana gabansa zai iya kallo bai gani ba. Ku tura mutane karatu, ku bar su a inda aka horar da su, ku nemi asibitocin koyarwa su riƙa aiko mana likitocinsu lokaci-lokaci a sabunta mana karatun ECG da aikin farfaɗo da zuciya.

Akwai kuma haƙƙin majiyyaci da muke tauyewa ba da sani ba. Wani an haife shi da ƙarin hanyar lantarki a zuciya, ko da matsalar gado da ba ta taɓa bayyana ba sai ranar da ya sha maganin barci. Idan muka gani, ya kamata a buga hoton layin ko a ɗauka da waya a sa a fayil, a gaya masa da bakin da zai fahimta, a ba shi kati ya nuna a duk asibitin da za a sake sa shi barci, a kuma tura shi wurin likitan zuciya a Kano ko Shika ko Sakkwato ko Maiduguri, inda za a iya rataya masa na'urar da ke naɗar bugu na awa 24. A yanzu ko takardar rubuta bugu da hawan jini duk minti biyar takan yanke mana. Ina neman a buga ta da yawa, kuma kowane asibiti ya riƙa zama sau ɗaya a wata a duba duk abin da ya faru a ƙarƙashin barci, wanda aka rasa da wanda aka ceto. Amma fa idan zaman ya zama na neman wanda za a rataye, ma'aikata za su daina rubutawa, mu koma gidan jiya.

Roƙona na ƙarshe ba ya cin ko sisi. Ranar da ɗayanku zai kai ziyara wani asibiti, kada a sanar. Ku wuce ofis, ku sa takalmin tiyata, ku shiga ciki. Ku ce a manna wa direbanku ECG ku ga ko layi zai fito. Ku ce a zare filogi ku ga ko allon zai ci gaba. Ku tambayi inda injin girgiza zuciya yake, ku duba agogo har a kawo shi a kunna. Sannan ku kira mai sa barci gefe, ba a gaban shugabansa ba, ku tambaye shi yaushe rabonsa da hutu da kuma me ya ƙare masa.

Allah ya ba ku ikon yi, ya ba marasa lafiyarmu lafiya.

Wassalam.

Taku mai biyayya,
wata ma'aikaciyar jinya mai sa barci, daga ɗaya daga cikin asibitocinku.